Kwat ɗin Mahaifinsa

Ko sallama bai yi ba.

Labulen ɗakin ɗinkina ya bankaɗe, ya wurgo kwat ɗin kan keken da nake takawa, har allura ta karye a cikin siket ɗin mutane.

"Wannan aikinki ne?"

Na ɗago a tsorace. Shekara biyu muna soyayya da Dogo, ban taɓa ganin idanunsa sun kaɗa sun yi ja haka ba.

A bayansa Yaya Babba ce tsaye, yayarsa da ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ta harɗe hannu a ƙirji. Gefenta kuma Gimbiya, ƙanwar mijinta, tana toshe hanci da gefen mayafi kamar ɗakina wari yake.

"Magana nake miki! Ke kika taɓa kwat ɗin mahaifina?"

"Ni ce na rage shi, amma..."

"Kin rage shi?" Ya yi wata dariya mai ciwo. "Kin kashe shi dai! Ko hannu ɗaya na kasa zurawa. Abu ɗaya tak da Baba ya bar min da ƙamshin jikinsa... Saura kwana tara a rantsar da ni a matsayin lauya, kin san da shi na yi alkawarin tsayawa ranar. Kin sani!"

Na sani kuwa. Ya sha faɗa min yana zaune a kujerar robar nan, yana zura min zare a allura.

"Ai na gaya maka," in ji Yaya Babba, ko kallona ba ta yi ba. "Mai facin wandon yara da sa zif ita ce za ta iya kaya irin wannan? Don dai ta zo har gida tana min magiya ne, wai ita za ta gyara maka ta ba ka mamaki."

Na miƙe tsaye.

"Ni? Ni na je gidanki?"

"Au, ƙarya zan miki?"

Mako biyu kafin ranar Gimbiya ce ta kawo min kwat ɗin a leda, da 'yar takarda ɗauke da awo. Ta ce Yaya ce ta aiko, a rage wa Dogo, kada ya sani. Ranar har rawa na taka a tsakar gida. Matar da ba ta amsa gaisuwata, matar da kowa ya san Gimbiya take so ya aura, yau ita ce ta ba ni amana!

Da na duba awon sai na sake dubawa. Kafaɗa inci sha biyar? Ni da na ɗinka masa riguna huɗu, na san sha tara ce. Na kira Yaya a waya. Ta ce, "Kin fi ni sanin ƙanina ne? Da hannuna na auna. Ki yanke yadda aka rubuta, ko ki dawo min da kayana."

Na ji tsoron musu da ita a aikin farko da ta ba ni. Na yi. Ranar da Gimbiya ta zo karɓa, har takardar awon ta haɗa ta tafi da ita.

Duk wannan na buɗe baki zan faɗa.

"Dogo, ka saurare ni. Gimbiya ce ta kawo..."

"Kai! Kun ji sharri?" Gimbiya ta dafe ƙirji. "Ni yau na fara sanin hanyar lungun nan."

"Kada ki sako kowa a ciki," ya daka min tsawa. "Kin yi ɓarna, kuma za ki ɗora wa yayata ƙarya? Matar da ta bar karatunta ta raine ni? Ashe gaskiyarsu... son a sani ne ya yi miki yawa. Ban san haka kike ba."

Ban san haka kike ba.

Wannan maganar ce ta busar min da hawayen da suka taho.

Umma ta leƙo daga tsakar gida da kumfar wanki a hannunta. "Auta, lafiya? Wace irin hayaniya ce wannan?"

"Lafiya lau, Umma. Baƙi ne, yanzu za su tafi."

Na ja kwat ɗin gabana. Na juya cikinsa waje, na ɗauki reza.

"Me kuma za ki yi masa?" Ya yunƙuro.

"Kada ka matso ni."

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ya tsaya cak.

Na farke shafin cikin a hankali. Na bi ɗinkin gefe, zare ɗaya bayan ɗaya. Na koma kafaɗa, na gangaro hannu. 

Yadin da na naɗe a ciki ya fara fitowa.

Duka. Ko faɗin farce babu abin da ya ɓata.

Umma ce ta koya min tun ina tsayawa a kan kujera kafin in kai teburin yanka. Kayan da mai shi ba zai iya sayen wani irinsa ba, ba a sa masa almakashi. Kwana uku na yi ina ninke yadin ciki, ina danne shi da dutsen guga, ina kama shi da ɗinkin hannu.

Na girgiza kwat ɗin, ya buɗe da faɗinsa na asali, faɗin mutumin da ban taɓa gani ba sai a hoto.

"Ba ki... ba ki yanke ba?" Muryar Dogo ta dawo ƙasa.

"Amma ai cewa aka yi ki yanke!" Gimbiya ta faɗa da ƙarfi. "Sau biyu na nanata miki da na kawo..."

Ta kama bakinta.

Ya juya a hankali ya dube ta.

"Da kika kawo? Ba yau kika fara sanin lungun ba?"

"A'a, ina nufin..."

"Yaya?"

Yaya Babba ta gyara zaman jakarta, ta ɗaga kai. Ko a lokacin ba ta sunkuya ba.

"E, ni na aika. Sai me? So nake idonka ya buɗe. Ban sha wahalarka don ka ƙare a ɗakin da ake share guntun ƙyalle ba."

"Da kwat ɗin Baba? Da ta yanke fa, Yaya? Da ta yanke fa!"



Ya juyo gare ni. "Masoyiyata..."

"Kul! Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

Na ninke kwat ɗin na ɗora masa a hannu.

"Ka kai wa tela ya mayar da shafin, aikin awa ɗaya ne. Ni mai facin wando ce. Su ba su taɓa ce min suna sona ba, ba su ci amanata ba. Kai ne ka shigo gidan uwata ba sallama, ka yanke min hukunci ba ka ji ta bakina ba. Wai kuma lauya! Allah ya jiƙan wanda zai kawo maka ƙara."

"Ki tsaya ki ji..."

"Kai ka tsaya ka ji? Fita!"

Sai da ƙarar motarsu ta ɓace sannan na zauna. Na kifa kai a kan keke na yi kukan da har maƙwabta suka ji.

Ya kira, ban ɗauka ba. Ya turo saƙo, ban buɗe ba. Ranar rantsuwarsa na wuni ina haɗa matasan kujera da ragowar yadi, na soke yatsana ya fi sau biyar. Kullum da yamma yana zuwa ya tsaya jikin katangarmu, Umma ta aika masa da ruwa, ni kuwa in ƙara wa keke gudu don kada in ji tarinsa.

"Auta," in ji Umma wata rana, "fushin naki da gaskiya. Amma jiya hannun riga biyu kika ɗinka a gefe ɗaya. Mai rigar ba gizo-gizo ba ce."

Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi.

Mako na shida, da hantsi, aka yi sallama. Muryar mace.

Yaya Babba ce. Ita kaɗai ta shigo, ta rame, ta ƙi zama.

"Ban zo don ina son ki ba," ta ce.

"Ni ma ba don ina son ki na ce ki shigo ba."

Ta harare ni, na rama.

"Ya kwashe kayansa daga gidana. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a waya. Yaron da na goya..." Ta kau da kai. "Gimbiya ta koma gidansu. Abin da na yi miki ban kyauta ba. Shi ke nan, na faɗa."

"Na ji. Na yafe. Amma ki sani, ba zan bar keken nan ba, ko matar wa na zama. Shi ya ciyar da ni, shi ya yi min makaranta."

"Wa ya ce ki bari?" Ta ja tsaki, ta ɗaga murya. "Kai kuma sai ka shigo, ka tsaya a waje kamar an dasa ka!"

Sallama uku Dogo ya yi daga waje kafin in amsa.

Ya durƙusa a gaban teburina, dogon mutum har ƙasa, gwiwarsa cikin tarkacen zare.

"Ba ni da hujja ko ɗaya. Na zalunce ki. Duk hukuncin da kika yanke na karɓa... amma don Allah kada ki ce in daina zuwa. Numfashi ma da ƙyar nake yi."

Zuciyata na tafasa, tana kuma narkewa, duk a lokaci ɗaya.

"Ka ji ni da kyau. Ranar da ka sake ɗaga min murya a kan maganar wani ba ka tambaye ni ba, ko da 'ya'ya goma a tsakaninmu, ka rasa ni."

"'Ya'ya goma?" Ya ɗago da sauri, idonsa cike da hawaye, bakinsa na murmushi. "Kenan..."

"Ban ce komai ba!"

"Ta ce," in ji Umma daga bayan labule. "Ni shaida ce."

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura mana aure. Har yau ni da Yaya Babba ba ma doguwar hira, gaisuwa ce a tsaye, kowa ya kama gabansa. Amma ranar da naƙudar fari ta kama ni Dogo yana kotu, ita ce ta tuƙo mota ta zo. Tun daga gida har asibiti faɗa take min wai na cika raki, hannunta ɗaya a sitiyari, ɗayan kuma damƙe da nawa.