Cikin Suwaiba a Kasuwar Gangara

Buhun gyaɗar da ke kafaɗar Chindo ya suɓuce ya faɗi a tsakiyar kasuwar Gangara. Bai ko waiwaye shi ba.

Suwaiba ce tsaye gaban mai daddawa. Matarsa ta shekara bakwai, wadda ya saka bara, watan da aka sauke tutar Faransa. Ta yi ƙiba, ta yi haske... ga ciki ya turo zane!

"Suwaiba... ke ce?"

Ta juyo, ta yi saurin jan mayafi ta rufe cikin.

"Ni ce, Malam. Ina wuni?"

"Wanga... ciki ne?"

"Wata shida." Ta sunkuyar da kai. "Wata biyu da tarewata gidan Na'Allah na samu."

"Wata biyu! Amma ai cewa aka yi ke juya ce!"

Ta ɗago, idanunta sun cika da ƙwalla.

"Haka kuka ce. Ni ma na yarda. Na sha sassaƙe har hanjina ya yi kamar ya tsinke. Gwaggo ta kawo wanzami ya yi mani yankan gishiri, kwana uku ina zubar da jini. Ka manta?"

Bai manta ba. Shi ya riƙe mata hannu ranar, yana ce mata, "Daure, farin cikina, don mu ne." Daga baya kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi tun yana maraya, ta rantse ba za ta ƙara cin tuwon gidansa ba sai ya sallami "gonar da ba ta tsiro". Yana kuka ya furta sakin.

Suwaiba ta karɓi daddawarta ta wuce.

Kwana biyu Chindo bai iya cin abinci ba. A na uku ya hau motar gyaɗa daga garinsu Agiye zuwa Maraɗi, ya nemi likita. Wani dattijo ne Bahaushe, wanda ya yi karatun lakol a Dakar. Ya saurare shi tsaf, ya duba shi, ya sa aka auna maniyyinsa, sannan ya ce:

"Ka taɓa yin hangum bayan ka balaga?"

"Na yi, likita. Har gabana ya kumbura, na yi sati biyu kwance. Mi ya haɗa wannan da haihuwa?"

"Malam Chindo, ɗa ba daga mace kaɗai yake fitowa ba. Mace na da ƙwai, namiji na da iri, sai sun haɗu ake samun ciki. Ciwon nan ya taɓa naka irin. Mun duba, ba mu ga mai rai ba."

"Amma ni lafiyata lau! Ban taɓa gaza wa iyalina ba!"

"Wannan daban, iri daban."

Chindo ya dafe bango. Shekara talatin da biyu a duniya, bai taɓa jin an ce namiji na iya zama juya ba. Ba a gida ba, ba a dandali ba, ba a bakin kowa ba!

Da ya koma, ya iske Gwaggo tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida.

"Ɗana, na samo maka ƴar gidan masu haihuwa a Sae Sabuwa. Uwarta goma sha ɗaya ta..."

"Gwaggo, Suwaiba na da ciki."

Ƙwaryar gyaɗar da ke hannunta ta kife.

"Ƙarya ne!"

"Da idona na gani. Kuma na je wurin likita. Ni ne, Gwaggo... ni ne ba na haihuwa."

"Innalillahi! Rufe bakinka, kar maƙwabta su ji! Namiji? Ina aka taɓa yi?"

Ya durƙusa ya faɗa mata duk abin da likita ya ce. Ta saurare shi har ƙarshe. Can ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni! Jinin yarinyar nan da na sa aka zubar... ashe lafiyarta lau!"

Da safe tsohuwar ta hau amalanke ita kaɗai zuwa Gangara. Chindo ya wuni a ƙofar gida yana kallon hanya. Sai la'asar ta dawo, idanunta jawur.

"Na durƙusa mata," in ji Gwaggo. "Ita ta ɗaga ni da hannunta. Ta ce ta yafe mana duniya da lahira."

"Shi ke nan abin da ta ce?"

Gwaggo ta share fuska da bakin zane.

"Ta ce in gaya maka... da mun san haka tun farko, da ta zauna da kai har mutuwa, ko babu ɗa. Ta ce ita ba ɗa ta aura ba, kai ta aura."

Chindo ya zame ya zauna a ƙasa. Ya buɗe baki zai kira sunanta, sai ya tuna matar wani ce. Ya cusa kai cikin gwiwa, ya fashe da kuka.