Ta'aziyyar da Hajiya Ta Yi a Gindin Bishiya

Wanda duk ya ji an ce aljana ta shiga na'urar sanyaya mota zai yi murmushi ya kau da kai. Ya yi. Al'amarin ya faru, kuma a gidan da ba a taɓa sanin sa da camfi ba.

Hajiya shugabar makaranta ce. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yarsu Auta da motarsa, irin wadda ake saita mata lamba ta daidaita sanyi da kanta. Tun rasuwar komai ya zama ɗaya a wurin Hajiya. Ta tuƙa, ta koyar, ta dawo.

Wata rana da almuru suna komawa gida, gefen Hajiya yana ba da sanyi kamar kullum, gefen Auta kuwa ya fara huro iska kamar bakin murhu. Hajiya ta rage lambar har ƙarshe, babu abin da ya canja. Auta ba ta yi ƙorafi ba. Gumi yana bin wuyanta, ta ƙura wa hujin iskar ido har suka isa.

Bakanike ya auna gas ya same shi cike. Ya canja na'urar da ke jin zafin cikin mota. Ya kwance gaban motar ya duba 'yar ƙofar da ke gauraya iska mai zafi da mai sanyi, tana buɗewa tana rufewa lafiya lau.

"Hajiya, ni dai a hannuna ƙanƙara take yi. Ko motar ce ta gaji da 'yan makaranta?"

Auta ta shiga ta zauna. Ya kara tafin hannunsa a hujin gefenta, ya janye da sauri, ya ce yana da wani aiki.

Daga nan aka fara jifa. Da rana ta faɗi sai tsakuwa ta riƙa sauka a kwanon gareji, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Auta ta daina cin abinci. Sai a same ta cikin motar a kashe, ta rungume hannuwa tana jijjigawa kamar mai lallashin jariri. Hajiya ta ce wa maƙwabta zazzaɓi ne. Da yarinyar ta fara rama har wuya, ta aika wa yayan marigayi, malami ne masanin ruƙiyya, don kada maganar ta fita daga dangi.

Baffan ya zo bayan magariba, ya zauna a bakin ƙofar motar ya yi ta karatu. Can sai Auta ta ɗago, muryar wata dattijuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa na zo yi ba."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce, kamar waccan. Tambaye ta ruwan da ta zubar."

Hajiya ta tuna. Injin ya taɓa yin zafi a hanyar makaranta, kusa da rumfar wani mai faci. Kunyar a gan ta tsaye a titi ta sa ta naɗe hannu da tsumma ta murɗe murfin lagireto, tafasasshen ruwa ya kwarara gindin bishiya. Ba ta yi bisimilla ba.

"Ɗana yana kwance a wurin, ruwan ya ƙona shi," in ji muryar. "Na biyo ku saboda sanyin. A kujerar nan nake kwantar da shi."

"To ɗauki ɗanki ki tafi. Allah ya ba shi lafiya."

"Ai ya rasu tun tuni."

Baffa ya sake tambaya.

"To me kike yi da sanyin?"

"Ban sani ba. Na saba."

Hajiya ta dafa bango. Wannan amsar ba ta buƙaci a yi mata bayaninta ba.

Aljanar ta ce a bar mata yarinyar, Baffa ya ƙi. Ta ce a bar mata motar, ya ƙi.

"To ta zo ta yi mini ta'aziyya. A wurin, da rana, da baki ba a zuci ba."

Baffa ya dubi matar ƙaninsa. "Hajiya, ta nan iyayen ɗalibanki suke bi. Za a ce kin taɓu."

"Zan zo," ta ce, ba shi take kallo ba.

Auta ta yi atishawa, ta kifa kai a kujera, barci ya ɗauke ta.

Washegari da hantsi, lokacin da titi ya cika, Hajiya ta tsayar da motar, ta durƙusa a gindin bishiyar, ta ɗaga murya yadda take yi a taron ɗalibai, ta ce, "Ban sani ba, ki yafe mini. Allah ya ba ki haƙuri." Masu wucewa suka tsaya. Kafin la'asar maganar ta zaga makaranta, kuma har yau akwai masu yin ƙasa da murya idan ta gitta. Auta kuwa a ranar ta nemi abinci, ta cinye, ta nemi ƙari.

Mai shakka ya je ya tambayi mai facin. Shi ya shimfiɗa mata kwali don kada ta durƙusa a kan baƙin mai, kuma shi kaɗai ya ce amin.