Koren Fis a Motar Baba

Ƙarfe uku na ranar Alhamis aka buga wa Sufeto waya cewa mota ta kama wuta a bayan wani gida, kuma akwai mutum a ciki. Kafin ya isa 'yan kwana-kwana sun kashe wutar, sun fito da gawar wani tsoho, sun lulluɓe ta da zanen gado.

Motar irin mai ɗaki ce a ciki, da gado da ƙaramin firji da fanka, batir ke ba ta wuta. Tsohon ya shekara talatin yana yawo da ita gari-gari yana gyaran injin ban ruwa. Da ƙarfi ya ƙare aka ɗora ta kan bulo a bayan gidan ɗansa, shi kuma ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai kwana a ɗakin siminti ba. A cikinta barcin rana ya ɗauke shi, hayaƙi ya gama da shi.

'Ya'yansa biyu na tsaye a tsakar gida. Macen tana kuka, namijin, wanda direban motar kaya ne, ya ƙura wa ƙasa ido.

"Wa ya taɓa wutar motar nan a ƙarshe?" in ji Sufeto.

"Injiniya, mai gyaran wutar mota," in ji ɗan. "Ranar Litinin ya zo."

"Bayansa fa?"

"Babu kowa, Yallaɓai. Ni ko kallon wayoyin nan ba na yi."

Wutar daga bayan gado ta tashi, ba ta kai gaban motar ba. Sufeto ya durƙusa ya buɗe akwatin fis da ke ƙarƙashin kujerar direba. A jikin murfin an rubuta abin da kowane rami ke ɗauka. Ramin fanka sha biyar aka rubuta, amma abin da ke ciki kore ne mai lamba talatin, lafiyarsa kalau. Ya zare shi ya sa a leda.

A ofis ya tarar Saje ya riga ya kulle Injiniya, don maƙwabta sun so su yi masa dukan kawo wuƙa. Dattijo ne mai furfura, hannuwansa duk tabon ƙuna. Da ya ga ledar sai ya dafe kai.

"Yallaɓai, wannan ba aikina ba ne. Shi fis an yi shi ne don ya mutu a madadin waya. In wuta ta yi yawa sai ya tsinke, komai ya tsaya. In ka sa wanda ya fi ƙarfin wayar, shi zai zauna lafiya, wayar ce za ta ci wuta."

"Kai wanne ka sa?"

"Shuɗi, sha biyar. Na kuma gaya wa ɗansa wayar bayan gado ta goge tana taɓa ƙarfe, sai an cire gadon an canza ta. Ya ce sai Asabar. Na ce to in ya sake tsinkewa a bar fankar a kashe, kada a kuskura a sa babba."

"Wa ya ji ka faɗi haka?"

"Baba ne kaɗai." Ya nuna fis ɗin da ke cikin ledar. "Amma duba kansa. Duk fis ɗin da na sa sai na ɗiga masa farin fenti, don in gane nawa."

Sufeto ya juya koren. Babu ɗigo. Sai dai wanda ya san ya yi aika-aika ai ba zai sa wa aikinsa alama ba, kuma Sufeto ya gaya masa hakan. Takardun za su tafi kotu ranar Litinin, in kuma ba a samu wani ba, shi za a tuhuma da ran tsohon. Sufeto ya fito ransa a jagule, don ya sha ganin mai gaskiya ya rasa shaida.

Da safe ya je shagon kayan mota na bakin titin. Mai shagon mace ce mai kaifin baki, amma ganin kaki ya sa ta koma salihar ƙarfi da yaji.

"Kin san direban gidan da aka yi gobara?"

"Masu saye da yawa, Yallaɓai, wa zan riƙe?"

"To rufe shagon, mu je ofis ki tuna a can."

Nan take tunaninta ya dawo. Tsoro take ji kada a ce kayanta jabu ne. Ta ce tun Talata yake zarya, yana sayen fis shuɗi guda-guda, har sau huɗu. Jiya da hantsi ya dawo yana ta huci, ta ce masa shuɗi ya ƙare sai jibi.

"Sai ya sayi kore?"

"Wallahi bai saya ba. Ko koren ma ba ni da shi, ga kwalin nan ka duba."

Kwalin wayam. Ɗan ya yi ƙarya ke nan da ya ce ba ya kallon wayoyi, amma daga ina koren ya fito?

Sufeto ya koma gidan ya ce ana buƙatar sa hannun 'ya'yan biyu a ofis, motar 'yan sanda kuma ta lalace, ko direban zai kai su a tasa? Suka shiga gaba su uku, ƙanwar a tsakiya. Ba su yi nisa ba aka fara yayyafi. Gilashin ɓangaren Sufeto a sauke yake. Ya danna maɓallin, shiru. Ya sake dannawa.

"Ya daɗe da lalacewa," in ji direban, idonsa a kan titi.

"Haba Yaya," in ji ƙanwar, "shekaranjiya da ka kai ni asibiti ai lafiya lau yake tashi."

"Tsaya a gefe," in ji Sufeto.

Ya sunkuya ya ɓalle murfin akwatin fis da ke ƙarƙashin sitiyari. Ramuka duk a cike, ban da guda. A jikin murfin an rubuta na tagogi ne, talatin. Ya fito da ledar ya ɗora a kan gwiwar direban.

"Ku direbobi haka kuke yi a hanya, ko? In na fitila ya mutu ku ciro na wani abin ku cusa."

Direban ya kifa goshi a kan sitiyari. Ruwa na shigowa ta tagar yana jiƙa hannun rigar Sufeto.

"Zafi Baba yake ji," ya ce daga ƙarshe. "Sau biyar ya kira ni jiya, fanka ta tsaya, fanka ta tsaya. Ina da kaya da zan kai. Na ce bari in sa wannan ya riƙe zuwa Asabar. Har albarka ya sa mini da ta tashi."

"Injiniya ya gargaɗe ka?"

"Ya gargaɗe ni."

"Ka kuma bari aka kulle shi."

"Na kasa duban ƙanwata in ce ni ne."

Sufeto ya kira Saje ya zo da mota, ya ce a buɗe wa Injiniya tun kafin su iso. Da aka sa wa direban ankwa bai yi gardama ba. Ya juyo kawai yana neman idon ƙanwarsa.

Ita ko tana zaune a inda take, hannuwanta a cinya.

"Yaya, da ka gaya mini tun jiya, da tare za mu yi kukan," ta ce. "Yanzu ka bar ni ni kaɗai."

Saje ya kama hannunsa ya sa shi a bayan mota, ya rufe ƙofar.