Hatimin Injiniya Wagih

Da hantsi baranda ta rufto daga wani sabon bene a garin Tanta na Masar, ta kashe wata mai sayar da gurasa. Sufeto Ra'fat ya tarar jama'a sun rutsa maginin, Usta Gabir, suna neman halaka shi.

"Rodi ka sata ko, Usta?" in ji sufeton.

"Haba yallaɓai! Ga su nan, ƙirga. Yadda zane ya nuna, haka na jera su."

Rodin na nan cif, amma a ƙasan kankare. Injiniyan hukuma ya ce na baranda a sama yake zama, zanen ne ya kifa shi. A gindin zanen kuwa ga hatimin Injiniya Wagih.

A ofishin Wagih, mai zanensa Midhat kaɗai Ra'fat ya samu, furfura ta cinye masa kai.

"Ni hannu ne kawai, yallaɓai. Difloma gare ni. Injiniya ke lissafi, ni in ja layi."

"Yana ina?"

"Iskandariya, shan iskar bakin teku."

Ra'fat bai yarda ba, ya nufi gidan Wagih. Ya iske tsohon a kujera, baki a karkace, hannun dama a nannaɗe.

"Tun azumin bara ko cokali bai riƙe ba," in ji matarsa. "Midhat ke kawo mana magani da cefane. Ɗan da muka haifa ma bai yi haka ba."

Ra'fat ya daɗe tsaye a matakala. In ya kama Midhat, gidan nan ya mutu. In ya bar shi, Usta zai ruɓe a kurkuku. Ya koma ofishin.

"Iskandariyar taku babu ko teku, Midhat."

Midhat ya ajiye fensir.

"In na rufe ofis, wa zai ciyar da Injiniya? Tsofaffin zane-zanensa nake kwafa, in buga hatimin. Na ɗauko jerin rodin rufin ɗaki na sa wa baranda. Wallahi a takarda ya yi kyau."

"Matar ba a takarda ta mutu ba. Tashi."

Midhat ya miƙo hannaye aka sa ankwa. A bakin mota ya toge.

"Yallaɓai, mu fara biyawa ta layin tasha. Akwai wata barandar irinta. A ƙarƙashinta yara ke wasa."

Ra'fat ya dubi direba. "Kunna jiniya."