Awa Huɗu da Rabi

A bakin asibitin koyarwa na Gyaɗi-Gyaɗi Muntaka ya fara ganin Safiyyah, ɗalibar jinya, takalminta ya tsinke tana jan ƙafa. Shi nas ne a Jidda, hutu ya zo. Ya tsayar mata da adaidaita, ta ce, "Ka faye shisshigi," amma fa da murmushi ta faɗa. Shi ke nan, bawan Allah ya kamu.

Shekara guda suna soyayya ta waya. Da ya dawo neman aurenta, sai mahaifinta, Malam Ɗalhatu na Tarauni, ya ƙeƙashe ƙasa.

"Ba na aibanta ka, yaro. Amma mu nan in mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi. Ba zan ba da 'yata inda ba za ta riski gawata ba."

"Baba, Kano zuwa Jidda awa huɗu da rabi ne kacal a jirgi. Abuja a mota ma ta fi haka."

"Jirgin naka ne?" in ji Malam.

Muntaka ya koma Jidda zuciya a dagule. Saƙonta ya iske shi: "Hasken idona, ba zan saɓa wa Baba ba, kuma ba zan iya daina son ka ba. Kuka kawai nake."

Ranar wata Talata da hantsi aka kira shi, Innarsa ta rasu. Ya ruga filin jirgi kamar zautacce. Babu mai tashi zuwa Kano sai Alhamis. Wayyo, awa huɗu da rabin nan da yake taƙama da su, sai ga su sun zama kwana biyu!

Kabari kawai ya tarar. Aka ce masa Malam Ɗalhatu ne ya ja sallar.

Bayan addu'ar bakwai ya je ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, gaskiyarka. Ban ga fuskar Inna ba. Ba zan so Safiyyah ta ɗanɗani wannan ba. Na haƙura."

Daga bayan labule aka ji sheshsheƙar Safiyyah. Malam ya dube shi.

"Da can lissafi kake min, shi ya sa na hana ka. Yanzu ka san abin. In aka ce maka na kwanta ciwo, me za ka yi?"

"A ranar zan nemar mata jirgi, Baba. Ba zan jira wani labari ba."

"To turo magabatanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure a masallacin unguwa, aka yi ta sa albarka. Ranar tafiya, a filin jirgi, Malam ya riƙe hannun Muntaka gam.

"Allah ya yi muku albarka. Ko tari ka ji na yi a waya, ka turo min ita."

"Ko atishawa, Baba," in ji Muntaka, yana share hawaye.