Ƙasar Tsohon Soro

Magariba ta kawo jiki, Alhaji Sodangi na tsugune a tsakar gidansa a Dutsin-Ma yana alwala, sai wani abu ya faɗo daga sama ya tarwatsa butar da ke gabansa. Ya duba. Ba dutse ba ne, tubali ne ɗanye, har da shatin yatsun magini a jikinsa.

Ya gane ƙasar. Alhaji dillalin hatsi ne, mutumin da ko allura zai saya sai ya taya. A shekarar da aka samu 'yancin kai ya sayi wani tsohon gida a bakin kasuwa, wanda ya daɗe ba kowa a ciki, don ya rushe shi ya fitar da shaguna, ya buga kwano, ya zuba 'yan haya. Jibo magini ya ce a ɗebo sabuwar ƙasa daga kududdufi. Alhaji ya ce ga ƙasa a tsaye, me zai kai shi neman masu jakai? Aka kayar da tsohon soron, aka jiƙa shi, aka tattake, da shi aka yi tubalan shagunan.

Tun daga wannan magariba jifa bai tsaya ba. Rana na faɗuwa gidan zai yi tsit, ko kaji ba sa motsi, sai tubali ya fara sauka. Ya fasa randuna, ya karya ƙugun akuya, ya tsaga goshin Gogo matar Alhaji. Jibo kuwa, da ya tattake ƙasar da ƙafafunsa, a zaurensa aka tsince shi ƙwaurinsa biyu a karye, ba wanda ya ga mai dukan.

Sannan abin ya koma kan Azumi, autar gidan, yarinya mai surutu wadda ita kaɗai ke iya sa uban dariya. Tana cikin ba shi labari ta faɗi tana shure-shure. Gogo ta taɓa ta, yarinyar ta ɗaga uwar ta maka da bango. Maza huɗu suka danne ta, ta ciji ɗaya har ƙashi. Jar ƙasa ce ke zuba daga bakinta. A nan tsoro ya kama Alhaji, tsoron da bai taɓa ji ba.

Aka ɗauko Malam Mahmuda daga Kurfi. Ya iso ana kiran sallah, ya sa turare a kasko, ya riƙe babban yatsan yarinyar ya yi ta karatu. Can wata murya ta fito daga ƙirjinta, kakkaura, ta tsoho.

"Malam, sassauta, kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Mi ɗiyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi komi ba. Cikin bangon soron can nike tun ba a kafa kasuwa ba. Ubanta ya jiƙa mani gida, aka tattake ni da iyalina. Yanzu kowane shago da guntun ɗakina a ciki."

"Mi kake so ka fita?"

"Ƙasata. A rushe shagunan duka, a kai ta dajin Barkiya a zube gindin tsamiya."

Malam ya ɗaga kai zai amsa. Amma bakin dillali ya riga shi.

"A bar mani na kusurwa," in ji Alhaji. "Guda ɗaya tak."

"Alhaji, yi kurum!" in ji Malam.

Yarinyar ta juyo da fararen idanu ta dubi uban, ta yi wani murmushi da ba nata ba.

"Na sallama. Riƙe ɗaya, ni ma in riƙe ɗaya."

Ta yi atishawa, jikinta ya saki. Da ta farfaɗo ta gane kowa. Ta dubi ubanta ta buɗe baki, leɓɓanta na motsi, ba abin da ya fito.

Washegari Alhaji ya ɗauki gatari da hannunsa, da shagon kusurwar ya fara. Bai bar ko tubali ɗaya ba. Shi ya kora jakan har Barkiya, ya juye ƙasar, ya durƙusa gindin tsamiyar yana kuka, yana cewa ya fasa, a warware cinikin. Ba wanda ya amsa masa.

Jifa dai ya tsaya. Azumi ta girma lafiya lau, ta yi aure, ta haihu. Har Alhaji ya bar duniya, duk magariba yakan kira sunanta, ya karkata kunne yana jira.