Ranar Da Silikon Ya Yi Haske

Ranar da Wafa ta fara ganin Hudaifa, ranar ce ya yi mata ɓarna. A ɗakin gwajin jami'arsu da ke kusa da Jidda ya juyo a gaggauce, ya ture faifan silikon da ta daɗe tana manna wa wani sinadari mai fitar da haske.

"Wannan wane irin mutum ne!" ta faɗa da Hausa, a zatonta ba mai ji.

"Ɗan unguwar Mansur ne, ki yi haƙuri," ya amsa da Hausa.

Ashe unguwarsu ɗaya a Makka. Shi ya taya ta sake aikin. Silikon yana kai haske inda ake so, amma ba ya samar da shi, dole a haɗa shi da wani abu. Abin kuwa ya ƙi mannuwa, yau ya ɓare, gobe zafi ya tsaga shi. Tun suna faɗa a kan mai laifi har ya koma kiranta "Wafata".

Mahaifinta Alhaji Wada ya fi son ta auri Turki, ɗan ƙaninsa mai motocin kai alhazai Arfa. Da ƙyar ya yarda Hudaifa ya zo gaisuwa bayan la'asar. Aka dafa shayi, shayi ya huce, har aka kira magariba. Sai ga saƙo:

"Wafata, ya kama! Ya yi haske! Ina aunawa kafin ya mutu. Ki ba Baba haƙuri."

Ta rubuta masa: "To ka auri silikon ɗin. Khalas, shi ke nan."

Washegari ya zo ya durƙusa, Alhaji Wada ko kallonsa bai yi ba.

"Saboda guntun gilashi ka shanya ni?"

"Aikin 'yarka ne, Ammu. Da na tashi, da wahalarta ta tafi a banza."

Tsohon ya juya wajen labulen da Wafa ke laɓe a bayansa. "Ke me kika ce?"

"Ya ishe ni, Baba. Wallahi ya ishe ni!"

"To in kira Turki?"

"A'a!"

Dariya ta ƙwace wa Alhaji Wada har da tari.

Bayan aikin Hajji aka ɗaura auren. Da za a kai amarya, ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Ku je can ku ƙarasa faɗanku, ni dai na huta."